Kafarnahum: Me Ya Sa Labarin Yaron da Ya Kai Iyayensa Kotu Ke Hana Mutane Barci?

Akwai wani guntun bidiyo da ba ya daɗewa bai sake zagayowa a Facebook da TikTok ba. Yaro ne ɗan firit, gashi a cukurkuɗe, an ɗauko shi daga kurkuku an tsayar da shi gaban alƙali. Aka tambaye shi me ya sa yake ƙarar iyayensa, ya ce don sun haife shi. Duk ranar da guntun nan ya faɗo hannunmu sai an yi cacar baki. Wasu su ce ɗan da ya ja uwa da uba gaban alƙali ya yi asarar duniya da lahira, babu abin tausayi a nan. Wasu su ce da ma an san a rina, tallar ƙayyade iyali ce aka naɗo cikin hawaye.

Amma waɗanda suka daure suka kalli fim ɗin daga farko har ƙarshe, sama da awa biyu, ba kasafai suke shiga wannan gardama ba. Su abin da suke faɗi shi ne abinci ya fita ransu, barci ya ƙaurace, sun yi kwanaki fuskar yaron tana yi musu gizo. To me ke cikinsa da zai karya babban mutum haka, alhali ya san shiri ne? Kuma wannan ɗacin da ake kwana da shi, akwai yaron da yake amfana da shi, ko mai kallo ne kawai ke wanke idonsa?

Fim ɗin da inda ya fito

Sunansa Kafarnahum. A Labanan aka yi shi da Larabci, ya fito a 2018, kuma Nadine Labaki ce ta ba da umarni. Asalin sunan na wani tsohon ƙauye ne a bakin Tekun Galili, amma a Faransanci, wanda 'yan bokon Labanan ke ji sosai, kalmar ta koma nufin wurin da komai ya hargitse, irin ɗakin da aka jibge tarkace. Fim ɗin ya ci kyautar alƙalai a bikin fina-finai na Cannes a shekarar da ya fito, ya kuma shiga cikin biyar da suka yi takarar Oscar a rukunin harsunan waje a 2019. Kimanin dala miliyan 4 aka kashe, ya tara sama da miliyan 60, mafi yawa daga masu kallo a ƙasar Sin, waɗanda ba Larabci suke ji ba, ba su kuma san unguwannin talakawan Beirut ba.

Da likita fim ɗin ya buɗe, yana leƙa bakin yaron, Zain, yana duba haƙora don ya kintaci shekarunsa, kamar yadda ake buɗe bakin rago a kara. Ya ce zai kai 12. Iyayen ba su san ranar haihuwarsa ba, ba su taɓa yi masa takarda ba. Daga nan aka koma baya. Zain ba ya makaranta, aike yake yi wa wani mai shago, Assad, wanda ɗakin da iyalin ke cunkushe a ciki yana hannunsa. Aka aurar wa Assad ɗin ƙanwar Zain, Sahar, mai shekara 11. Zain ya gudu daga gida, ya faɗa hannun Rahil, wata 'yar Habasha mai aikin shara da takardun jabu, tana ɓoye da jaririnta Yonas. Aka kama Rahil. Sai ga yaro ɗan shekara 12 da goyo, ba abinci, ba ruwan famfo, ba wanda zai kira. Da ya koma gida daga baya sai ya tarar Sahar ta yi ciki ta rasu. Ya zari wuƙa ya nufi Assad. Shekara biyar aka yanke masa.

A duniyar fim akwai rukunin labaran tasowa, waɗanda ke bin yaro har zuwa ranar da idonsa ya buɗe ya gane yadda duniya take. Yawanci soyayyar fari ce, ko barin gida zuwa makaranta, kuma akan bar wa yaron wani babba da zai koma wurinsa. Shi Zain idonsa a buɗe muka same shi. Abin da muke kallo shi ne kuɗin da ya biya.

Mene ne tabon ƙuruciya?

Bahaushe yana da firgita, yana da razana da ɗimuwa, amma duka suna nuni ne ga lokacin da abin ya faru. Abin da likitocin ƙwaƙwalwa ke magana a kai shi ne wanda ya rage bayan ƙura ta lafa, shi ya sa zan kira shi tabo. Miki yakan rufe, tabo ya zauna.

Ga yadda yake aiki. Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe mai aikin gadi. Da ya hangi haɗari sai ya buga ƙararrawa, jiki ya saki sinadaran adirenalin da kotisol, zuciya ta hau dukan uku-uku, mutum ya shirya gudu ko faɗa, ko ya sandare. Wannan rahama ce, da ita ake tsira daga maciji. Yaron da kare ya biyo, in ya faɗa jikin uwarsa ta rarrashe shi, ƙararrawar takan yi shiru. Matsalar ita ce yaron da ƙararrawarsa ba ta taɓa yin shiru ba, domin abin tsoron a cikin gida yake, ko kuma wanda ya kamata ya rarrashe shi shi ne ke dukansa. Irin wannan yaro ƙwaƙwalwarsa a kan gadi take ginuwa. Ba ya barci mai nauyi, ƙaramin motsi na zaburar da shi, karatu ba ya zama, ko ya zama mai saurin hannu ko ya yi shiru kamar ruwa ya ci shi.

Tsakanin 1995 da 1997, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tare da cibiyar lafiya ta Kaiser Permanente a Kalifoniya, sun tambayi manya sama da 17,000 abin da suka gani suna yara: duka, zagi, lalata, sakaci, uba mashayi, ganin ana jibgar uwa, rabuwar iyaye. Kusan biyu cikin uku sun haɗu da aƙalla ɗaya. Kimanin ɗaya cikin takwas sun haɗu da huɗu ko fiye, kuma a cikinsu aka fi samun ciwon zuciya, ciwon damuwa, shaye-shaye da yunƙurin kashe kai. Akasarin mutanen nan masu rufin asiri ne, masu aiki da inshorar lafiya. Wato abin bai tsaya a gidan talaka ba.

Wannan ba ya nufin duk yaron da ya sha wuya ya lalace ke nan. Da yawa suna miƙewa, kuma abin da masu bincike suka fi samu a tarihin waɗanda suka miƙe shi ne babba guda ɗaya da ya tsaya musu ba ya gushewa, ko kaka, ko goggo, ko malami. Abin da binciken ya rushe shi ne maganar nan tamu ta kullum, “yaro ne, zai manta.” Yana iya manta ranar da wurin. Jikinsa ne ba ya mantawa.

Igiyar da ke ƙafar jariri

Mutane sun ɗauka wurin kotun ne ke karya zuciya. Ni a ganina shi ne mafi rauni a fim ɗin, shi ne inda aka fi jin hannun marubuci. Abin da ke bin mutum har gado wasu ƙananan wurare ne.

Akwai inda Zain ya hangi jini a jikin wandon Sahar tun ita ba ta lura ba. Ya ja ta banɗaki, ya wanke mata, ya cire singiletinsa ya naɗe mata ta yi ƙunzugu da ita, ya ja mata kunne kada ta bari uwarsu ta sani. Daga baya ya sato mata audugar mata a shago. Yaro ɗan shekara 12 ya riga ya san cewa ranar da aka gane ta balaga, ranar za a miƙa ta. Bai yi kuka ba, bai yi mamaki ba, dabara kawai yake yi. A wurinmu irin wannan yaro yabonsa ake yi, a ce yana da wayo, ya san ciwon kansa, ya girmi shekarunsa. Fim ɗin yana tilasta maka ka tambayi kanka me ya koya masa wannan wayon.

Sai maganar igiya. A farkon fim, a ɗakin su Zain, an nuna wani ƙaramin ƙanensa an ɗaure masa ƙafa don kada ya rarrafa ya fita. Mai kallo ya ji haushin uwar, ya ce wannan wace irin mace ce. Can gaba, bayan an kama Rahil, Zain ya yi iyakar yinsa a kan Yonas. Ya ba shi ƙanƙara da sukari. Ya zaunar da shi cikin wata ƙatuwar tukunya, ya ɗora a kan allon taya na wasan yara, yana jan sa a titi. Ya je layin rabon tallafi ya yi ƙaryar shi ɗan gudun hijirar Siriya ne don ya samu madara. Ya jiƙa tiramol a ruwa yana sayar wa 'yan shaye-shaye, sana'ar da ya koya a gida. Ranar da dabara ta ƙare, sai ga shi ya ɗaure ƙafar Yonas a gefen titi. Daga ƙarshe ya miƙa jaririn ga Aspro, mai buga takardun jabu da safarar mutane, wanda ya yi masa alkawarin kuɗi da hanyar zuwa Suwidin.

Wato yaron da ya tsani iyayensa saboda sun ba da Sahar, shi ma ya ba da Yonas. Bai rasa ƙauna ba, mun ga yadda yake son jaririn. Hanya ce ta ƙare masa. A nan ne ƙirjin mai kallo ke yin nauyi, domin wanda ya yi awa guda yana tsine wa iyayen ya ga wanda yake ƙauna ya taka sawunsu.

Me ya sa jiki ke amsawa alhali an san shiri ne?

Mai gadin nan na cikin ƙwaƙwalwa ba ya jiran a tantance masa gaskiya da wasa. Kukan jariri kukan jariri ne, ko daga ɗaki ya fito ko daga waya. Labaki kuma ta san haka. Ta sauke kyamara daidai tsayin yaro, manya suka zama ƙafafu da muryoyi masu tsawa daga sama. Wata shida aka yi ana ɗauka, aka tara hoto na sama da awa 500, ana barin yaran su yi abin da suka saba yi har a dace da abin da ake nema.

Sannan kusan duk waɗanda suka fito ba 'yan wasa ba ne. Zain Al Rafeea ɗan gudun hijira ne daga Dar'a ta Siriya, iyayensa suka tsallako Labanan a 2012, a titi aka tsinto shi, bai iya karatu ba a lokacin. Labarin zuciya a tambayi fuska. Gajiyar da ke idon yaron nan ba darakta ce ta koya masa ba, kuma mai kallo yana jin hakan ko ba a gaya masa ba.

Akwai kuma wani hali na ɗan Adam da masanin halayya Paul Slovic ya daɗe yana nazari: mutum ɗaya mai suna da fuska ya fi motsa mu a kan dubu ɗari da aka faɗa a labarai. A Satumbar 2015, lokacin da hoton gawar Alan Kurdi, yaro ɗan Siriya, ya bazu daga gaɓar tekun Turkiyya, an riga an kashe dubun dubata a yaƙin ba tare da duniya ta girgiza haka ba. Slovic da abokan aikinsa sun bi sawun gudummawar da aka riƙa ba ƙungiyar Red Cross ta Suwidin: ta yi tashin gwauron zabo a makon farko, cikin 'yan makonni kuma ta sauko. Ke nan hawayen gaskiya ne, sai dai ba ya daɗewa.

To laifin wa?

A nan masu sukar fim ɗin suke da abin faɗi, kuma ba duka ne shirme ba. Akwai masu sharhin da suka ce cinikin talauci ne: a ɗauki wahalar yaran titi, a zuba mata kiɗan goge mai tsuma rai, a kai wa masu kwat a Faransa su yi kuka su tafa, su wuce cin abincin dare. Ni ma akwai wuraren da na ji kiɗan yana jan kunnena yana cewa yanzu ne za ka yi kuka, alhali hoton kaɗai ya isa.

Suka mafi nauyi ita ce ta buƙatar da Zain ya gabatar wa alƙali, cewa iyayensa su daina haihuwa. Masu cewa saƙon ke nan ba su ƙirƙira ba, yana cikin fim ɗin. Kuma duk wanda ya tashi da jin cewa bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, dole maganar ta tsaya masa a wuya. Sai dai a tuna daga bakin wa ta fito: yaron da uwarsa ta ziyarta a kurkuku ta yi masa albishir tana da ciki, wai in mace ce za a mayar da sunan Sahar. Kukan mai ciwo ne, ba ƙudurin majalisa ba. Fim ɗin ya kuma ba uwar dama ta juya kan lauyar Zain, wadda Labaki da kanta ta fito a matsayinta, ta ce mata ba ta taɓa rayuwar da ta yi ba, don haka ba ta da bakin yi mata hukunci. Haihuwar guzuma ce, ɗa kwance uwa kwance. Uban ma ba shi da takarda.

Takardar nan ita ce wadda ba a gurfanar ba. A Labanan in shekara ta wuce ba a yi wa jariri rajista ba, sai an bi ta kotu, abin da talaka ba ya iyawa. Mace 'yar ƙasa ba ta iya ba ɗanta shaidar zama ɗan ƙasa, ta wajen uba kawai ake gado. Aure da shekarunsa suna hannun kotunan addini na ɗariku daban-daban, kowace da nata ƙa'idar. Masu aikatau 'yan ƙasashen waje, irin Rahil, suna ƙarƙashin tsarin kafala, inda zamanka a ƙasa ke rataye a wuyan uban gidanka, in ka bar shi ka zama mai laifi. A cikin labarin, a ƙofar asibiti Sahar ta cika, an ƙi karɓar ta don ba ta da takarda. Wanda ya kalli guntun minti ɗaya zai tafi da cewa rigimar ɗa da iyaye ce. Bai ga wannan ba.

Inda abin ya taɓo mu

Labarin na Beirut ne, a can ya kamata a bar shi. Amma zai yi wuya mutumin Kano ko Zinder ya kalli Zain yana jan tukunya tsakanin motoci bai tuna yaran da ke kewaye gilashin mota a danja ba, ko ya ji an ambaci tiramol ya ce baƙon abu ne. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2014 tare da UNICEF da CDC ya nuna cewa yara shida cikin goma a Najeriya suna haɗuwa da wani nau'in cin zarafi kafin su kai 18, kuma mace ɗaya cikin huɗu da namiji ɗaya cikin goma an yi musu na lalata. Waɗanda suka samu wani taimako ba su kai biyar cikin ɗari ba.

Ma'anar wannan ita ce, a duk ɗakin da aka kunna irin wannan fim, da wuya a rasa wanda ba labarin wani yake kallo ba. Matar da aka aurar tana ƙarama, magidancin da ya tashi a hannun wanda ke dukansa kamar jaki, wadda ta rasa ƙanwa wajen haihuwa. Su abin da ke taso musu daban ne da tausayi. Wani zai ji numfashinsa na sarƙewa, wani ya tashi ya fita ba bayani, wani ya yi kwana uku yana faɗa da iyalinsa bai san dalili ba. Kada a ce masa ai fim ne. Gargaɗin da ake rubutawa a farkon fina-finai ma ba ya maganin wannan, domin nazarin da aka tattara a 2023 ya nuna ba ya rage ɗacin abin da za a gani, sai ma ya ƙara fargaba kafin a fara. Abin da ya fi shi ne mutum ya san yana da ikon kashewa, kuma kada ya kalla shi kaɗai da tsakar dare.

Ba fim ɗin yara ba ne, ko da yake yara ne a cikinsa. Masu zaunar da 'ya'yansu gabansa don su ga gatan da suke da shi su gode wa Allah, tsoro kawai suke dasa musu. Ga babba kuwa, damuwar kwana biyu ko uku ba ciwo ba ce. In ta zarce wata guda, da mugayen mafarkai da zabura da tunanin da ya ƙi tafiya, to ba fim ɗin ba ne, tsohon abu ya tono, kuma akwai likitocinsa a asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Maiduguri da Kware, da na Dawanau a Kano. Zuwa can ba ya nufin hauka, ko da yake na san sai an daɗe ana faɗin haka kafin a yarda.

Bayan an naɗe kyamara

Fim ɗin ya rufe da Zain tsaye ana ɗaukar sa hoton katin shaida, mai hoto ya tsokane shi, ya yi murmushin da aka yi awa biyu ana jira. Na waje kuwa kowa da yadda ta kaya masa. Yordanos Shiferaw, 'yar Eritiriya da ta fito a Rahil, an kama ta da gaske ana tsakiyar aikin saboda rashin takardu, kwanaki kaɗan bayan an ɗauki wurin da ake kama ta a wasa, sai da masu fim ɗin suka shiga tsakani aka sake ta. Zain da iyalinsa, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta mayar da su Norway a 2018, inda ya shiga aji.

Jaririn nan Yonas kuwa mace ce, sunanta Boluwatife Treasure Bankole, ubanta ɗan Najeriya, uwarta 'yar Kenya. Iyayen nata su ma an kama su ana cikin ɗaukar fim ɗin, har ta yi makonni a hannun ɗaya daga cikin ma'aikatan. A cikin labari an mayar da Yonas hannun uwarsa, masu kallo suka sauke ajiyar zuciya. Ita Treasure daga baya an tasa ƙeyarta da uwarta zuwa Kenya, uban kuma aka mayar da shi Najeriya.